Malamin da ya koyi gudu wajen ɗalibansa

A shekara ta 1976 wani ɗan mishan mai suna Colm O'Connell ya taso daga ƙasar Ayaland, ya sauka Iten, wani ƙaramin gari na ƙasar Kenya. An aiko shi koyar da labarin ƙasa a lakwal ɗin samari ta St Patrick. Bai san kome ba game da gudu. Garin kuwa bisa tudu yake, wajen metir 2400 sama da teku. Yaran wurin ƴaƴan manoma ne da makiyaya, sun saba da doguwar tafiya a ƙasa. Da mai koya musu gudu ya koma ƙasarsu, sai aikin ya faɗo hannun Colm.

Tun da ba shi da sani, sai ya tsaya bakin fili yana kallo, yana tambaya. A nan ya gane jikin yaro ba na babba ba ne. Ɗan maraƙin da aka ɗaura wa garma tun bai ƙosa ba, ba ya kai shekarun huɗa. Haka yaron da ake kora kullum: yana iya cin tsere yana ɗan shekara 15, kafin ya kai 18 gwiwa ta mutu, karatun da uwaye suka sha wuyar biya shi ma ya lalace.

Kuros shi ne tseren daji, cikin ciyawa da taɓo, da hawa da gangara. A gasar duniya ta matasa ƴan ƙasa da shekara 20, maza suna yin kilometir 8, mata 6. Ga yadda ake shirya ɗan lakwal domin irin wannan tsere.

Da asuba, kafin shiga aji, gudu ne a hankali, wanda yaro zai iya magana da abokinsa bai yi haki ba. Aiki mai ƙarfi sai da marece, bayan an tashi, kuma ba kullum ba. Yau hawan tudu, gobe sassauci, jibi a riƙa sauri ana lafawa. Rana ɗaya cikin mako hutu ce.

Shekara ma haka aka raba ta. Watannin farko na tara ƙarfi ne da dogon gudu. In lokacin gasa ya matso, a rage nisa, a ƙara sauri. A Kenya babban kuros na ƙasa galibi cikin watan Fabrairu ake yin shi. Makon tsere ana sauƙaƙa aiki, don yaro ya iso da sauran ƙarfinsa. Bayan tsere a bar shi ya huta, kada a kai shi kowace gasa da aka ji labarinta.

A 1989 Colm ya buɗe sansanin horo lokacin hutun lakwal, cikin Afirilu da Disamba, har da ƴan mata. Ta haka gudu bai ci lokacin karatu ba.

Haƙurin nan ya biya. Ibrahim Hussein, tsohon ɗalibin lakwal ɗin, ya ci dogon tseren New York a 1987. Peter Rono ya samu lambar zinariya ta metir 1500 a wasannin Olampik na Seyul a 1988, Matthew Birir ya samu tasa a Barsalona a 1992. David Rudisha, wanda Colm ya horar, ya yi metir 800 cikin minti 1 da sakan 40,91 a Landan a 2012, abin da wani bai taɓa yi ba.

Cikin filin lakwal ɗin an shuka itatuwa da sunayen waɗanda suka yi fice. Malamai da uwaye, duk mai yaro mai ƙafa ya tuna sannu ba ta hana zuwa. A ba shi abinci, a ba shi barci, a duba takardunsa, kana a kai shi fili.