Abin da Azara Ta Koya Mini

Daminar da rufin zaurenmu na bayan kasuwar Kurmi ya soma yoyo, 'yan gida suka ba da shawarar a sauke shi a buga katako da kwano. Da magini ya kwashe ƙasar saman, sai ga azarar da kakanni suka jera, baƙa ƙirin, gara ko lasarta ba ta yi ba. Ya ƙwanƙwasa guda ya ce, "Alhaji, ƙasar ce ta gaji. Wannan itacen sai ya ga jikokinka."

Darasin farko da na ɗauka shi ne, Allah ya ba kowace ƙasa itacen da ya dace da ita. Mutanen Kanada suna da sifurus, mai jure ƙanƙara, da shi suke gini da yin takarda. Mu kuwa gara da zafi ne abokan gabarmu, sai aka ba mu giginya. Daga gangar jikinta ake faskara azara, ɓangaren waje mai tauri, domin cikinta ɓargo ne mara ƙwari. Magina sun fi son namijin. Duk wanda ya shiga Gidan Makama ya ɗaga kai ya dubi bakan gizo da ɗaurin guga, aikin azara yake kallo a cikin laka.

Na biyu, abu mai ƙarko ba ya zuwa da gaggawa. Giginya fadama take so da bakin rafi, inda saiwa za ta iske ruwa. Takan shafe shekaru ganyenta na ƙasa-ƙasa kafin ta miƙe, sannan wasu shekarun masu yawa kafin ta isa sara. Wanda ya bar ta ta girma, da wuya shi ne zai kwana a ƙarƙashin azararta. Ashe gaskiyar Bahaushe: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Na uku shi ya fi damuna. Murucin da muke saye dafaffe a bakin titi, ai jaririyar giginya ce aka tono. Muna cin ƙanana, muna sare manya, ba ma dasawa, sannan muna kukan azara ta yi tsada.

Ba na cewa a bar cin muruci. Roƙona ga mai gona a fadama, in ya binne ƙwallaye don muruci, ya bar kaɗan a gefen iyaka su tashi. Mun mori na magabata, bashi ne a wuyanmu.