Dutsen da masu shi ba su yarda da sunansa ba

'Yar'uwa, idan aka ce miki za a kai yaranki wani wuri mai suna Hasumiyar Shaiɗan, na san a'uzubillahi za ki fara yi. Ma'anar Devils Tower ke nan, wani dutse a jihar Wayomin ta Amurka, wanda shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana a 1906 a matsayin wurin tarihi na ƙasa, na farko a jerin irinsa. Can muka nufa a hutun Yuni, ni da Baban Hauwa'u da yara uku, daga Minesota inda muke zaune.

Motar haya muka ɗauka, irin mai ɗaki a ciki: gado, ɗan kicin, firji da banɗaki. Kwana biyu muna tafe. Daɗinta ga uwa shi ne ba ruwanki da neman abincin halal a hanya; miyar da na daskarar tun daga gida ita muka yi ta ɗumamawa. Amma ruwan tanki a ƙididdige yake, har alwala sai da tattali. Sansanin da muka kwana a gefen kogin Belle Fourche ba shi da wutar da za a jona wa mota.

Tun daga nesa za ki hango dutsen tsaye shi kaɗai, kansa a baje kamar kututturen itace. Daga gindinsa zuwa ƙololuwa mita 265 ne. Jikinsa duk tsaga-tsaga ne daga sama har ƙasa. Masana sun ce narkakken dutse ne ya huce ya tsattsage. Mutanen Kiowa kuwa sun ce 'yan mata bakwai ne beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, ta biyo, sai dutsen ya ɗaga su sama, ita kuma ta yi ta yagarsa da farata. 'Yan matan suka zama taurarin nan da kakata ke nuna mana a tsakar gida tana cewa kaza da 'ya'yanta.

Akwai hanyar ƙafa ta kusan kilomita 2 da ta kewaye dutsen. A rassan itatuwa za ki ga an ɗaɗɗaura ƙyallaye masu launi. Na 'yan asalin ƙasar ne da ke zuwa addu'a, kuma an roƙi baƙi kada su taɓa, kada su ɗauki hotonsu. Autana ya miƙa hannu, na riƙe shi. Na ce masa ba addininmu ba ne, amma kai ma ba za ka so baƙo ya taka maka sallaya ba. A watan Yuni ma ana roƙon masu hawan dutse su haƙura saboda bukukuwan mutanen, sai dai roƙo ne kawai, ba doka ba.

Mutanen Lakota suna kiransa Mato Tipila, wato masaukin beyar. Sunan Shaiɗan ya samo asali ne daga tafiyar Kanar Richard Dodge a 1875, kuma ana kyautata zaton tafinta ne ya karkatar da fassara. Ƙabilu fiye da 20 ke girmama wurin. Sun nemi a mayar da sunan, har yau shiru. Ni dai ban ga abin da gwamnati za ta yi asara ba idan ta mayar.

Hauwa'u, mai shekara 11, ta daɗe a gaban allon da ke bayanin wannan. Shekara uku ke nan 'yan ajinsu suna kiranta Hawayi, kamar tsibirin nan, wai sunanta ya yi musu wuya. Ta daina gyara musu tuni, har ta fara amsawa, abin da ke ci mini rai ke nan. Da dare tana rubutu a littafin tafiya da malamarsu ta ce su kawo bayan hutu, na leƙa. A saman shafin ta sa Mato Tipila, ta tambaye ni ko an yarda ta bar ɗayan sunan. Na ce ta rubuta duka biyun, amma ta fara da na masu dutsen.