Agogon da ya kunyata ni

Shekara bakwai na yi ina kula da kwamfutocin wani ofishi, kuma a farkon zuwana na ɗauka saita agogo aikin yara ne.

1. Kowane agogo yana ƙarya, sai dai ta wani ta fi ta wani. Ɗan ƙanƙanin dutsen da ke ƙirga lokaci a cikin kwamfuta, zafi da sanyi suna canja masa tafiya. Daƙiƙa biyu a rana, wa zai lura? Sai da sabar da muke ajiye fayiloli ta yi wata bakwai ba ta tambayi kowa lokaci ba. Wata Litinin da safe kowa ya kasa buɗe aikinsa. Na zargi waya, na zargi masu ba mu intanet, har mai shara sai da na yi wa kallon tuhuma, Allah Ya yafe mini. Ashe tsarin Kerberos da ke tantance masu shiga ba ya lamuntar saɓanin da ya wuce minti biyar, namu kuwa ya kai bakwai.

2. Shaida ɗaya ba ta isa ba. A ranar, da agogon hannuna na saita sabar, ina ta jin kaina gwani. Daga baya na san NTP, tsarin daidaita agogon kwamfuta da David Mills na Amurka ya fitar a 1985. Kwamfuta takan aika wa wata saba tambayar lokaci, ta rubuta lokacin tafiya da na dawowa, ta cire abin da hanya ta ci. Kuma gara ta tambayi saba uku ko huɗu, ta yar da wadda maganarta ta bambanta, kamar dai yadda ake tantance masu cewa sun ga jinjirin wata.

3. Gyaran gaggawa ma ɓarna ne. Na taɓa mayar da agogo baya a lokaci guda, sai ga rasit na biyu ya riga na farko fitowa. Akanta ya kwana biyu bai amsa gaisuwata ba. Shi NTP, idan saɓanin ƙarami ne, a hankali yake jan agogon har ya daidaita.

4. Duba ƙaramin abu tukuna. Akwai kwamfutar da duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ta farka a wata tsohuwar shekara, ta ƙi buɗe shafukan banki. Yini guda na ɓata a kanta. Ashe batirin CR2032 da ke riƙe agogonta ne ya mutu, wanda bai fi kwabo faɗi ba.