Gafakar Kakana

Bayan sallar isha'i na idar da karatun Beyond Timbuktu, littafin da Farfesa Usman Kane na Jami'ar Harvard ya fitar a 2016. Mutumin Senegal ne, jikan Shehu Ibrahim Inyass, kuma ya taɓa yin bincike a Kano kan ƙungiyar Izala. Hujjarsa ita ce, ilimin Afirka ta Yamma ya daɗe da kafuwa kafin zuwan Turawa, kuma bai tsaya a Timbuktu kaɗai ba. Akwai Agadas, akwai Barno, akwai Katsina ta su Ɗan Marina.

Da na rufe littafin sai na ɗauko gafakar kakana. Fatar ta bushe, igiyar ta tsinke. Takardun warwatse suke, baƙar tawada a tsakiya, ja a kan wasula, ga ƙananan bayanai da ajami a gefe, inda gara ta ɗan taɓa. Shekara nawa tana cikin akwati ban buɗe ba, sai da wani ya rubuto daga Amurka ya tuna mini. Wannan ya tsaya mini a rai.

Gobe in Allah ya kai mu, zan kai wa limamin unguwarmu mu karanta shafin farko tare.