Ka Kawo Yaran A Duba Zuciyarsu

Ambursa,
Jihar Kebbi.

Aminina,

Ina fata kai da ƙanwata da yara kuna lafiya a Argungu. Mu nan sai godiya, an fara yankan shinkafa a fadama.

Dalilin wasiƙar nan shi ne ɗan Yaya, wanda ke yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo. Mutane suka yi ta cewa iska ce, har aka soma turare. Daga ƙarshe muka kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, aka yi masa hoton zuciya da ake kira eko. Ba allura, ba yanka. An kwantar da shi ta gefen hagu, aka shafa masa wani mai mai sanyi a ƙirji, likita ya ɗora na'ura, sai ga zuciyarsa tana bugawa a allo. Ya nuna mana bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu na zuciya. A lafiyayyen mutum kaurinsa ba ya cika wuce milimita 11, idan ya kai 15 babu hawan jini sai a zargi cutar kaurin zuciya. Na yaron ya zarce haka, har yana matse hanyar fitar jini.

Ka tuna Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, da ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yuni, 2003, ana wasa da Kolombiya? Wannan ciwon ne. Gadonsa ake yi: in uba ko uwa na da shi, kowane ɗa tsakanin ya ɗauka da ya tsira rabi da rabi ne. Da na tuna yadda Baffa ya rasu farat ɗaya a gona yana matashi, sai jikina ya yi sanyi.

Yanzu yaron yana shan maganin da ke rage gudun zuciya, an kuma dakatar da shi daga ƙwallon gasa. Likita ya ce 'yan uwa na jini su zo a duba su, ko da garau suke ji. Ni da Yaya mun yi. Saura ƙanwata. Don Allah ka kawo ta bayan girbi, ka taho da yaran ma, kuɗin mota a kaina. Rigakafi ya fi magani.

A gaida Inna da kyau.

Naka har kullum,
Amininka.