Yadda Gyaran Zane Ya Kusa Jawo Wa 'Yar Uwarmu Tara



A zangon karatun da ya wuce, malamin kwamfuta ya ba mu aiki, mu 'yan kulob, cewa mu haɗa ƙaramar manhaja da za ta riƙa adana bayanan masu aron littattafai a laburaren makaranta. Mun zaci rubuta umarnin kwamfuta za mu fara, sai ya ce mu ɗauko takarda da fensir. Ya bayyana mana cewa akwai hanyar ƙera manhaja da ake fara zana taswirarta, sannan wata manhajar ta karanta zanen ta fitar da yawancin umarnin da kanta. Kamar dai magini ne, ba ya aza tubali sai ya ga zanen gida.

Muka zana akwatuna uku, Ɗalibi da Littafi da Aro, muka haɗa su da layuka. Tsarin zanen da muka bi sunansa UML, wanda ƙungiyar OMG ta amince da shi a 1997. Manhaja ta fito, ta yi aiki, muka yi ta murna.

Murnar ba ta daɗe ba. A akwatin Ɗalibi suna da aji kawai muka sa, ashe akwai 'yan mata biyu a aji ɗaya masu suna iri ɗaya, har da sunan mahaifi. Haka kuma mun ɗauki kowane littafi guda ɗaya ne, alhali na lissafi kaɗai kwafinsa ya fi ashirin. Sai muka koma kan zane, muka ƙara lambar ɗalibi, muka raba akwatin Littafi gida biyu, wato Littafi da Kwafi, muka fitar da sabuwar manhaja.

Abin da muka manta shi ne tsofaffin bayanan bisa tsohon zane aka rubuta su, babu lamba a cikinsu. Da muka zuba su cikin sabuwar manhajar, sai ta ɗora duk aron 'yan matan nan biyu a kan mutum ɗaya. Aka kira baiwar Allah aka ce ta biya tarar littafin da ko taɓa shi ba ta yi ba. Har hawaye ta yi. Tsohuwar rajistar mai kula da laburare ce ta wanke ta. Mun je mun ba ta haƙuri, domin laifin namu ne.

Washegari Malam ya zaunar da mu. Ya ce sauyin zane iri uku ne. Akwai wanda ba ya ɓata komai, kamar ƙara gurbin da ba dole ba ne a cike shi. Akwai wanda yake ɓatawa amma kwamfuta na iya gyarawa, kamar canza sunan gurbi. Akwai kuma wanda sai mutum ya zauna ya tantance, irin namu, don kwamfuta ba ta san wace yarinya ce ta ari wane kwafi ba.

Ya kuma ce sauyi ba alamar gazawa ba ce. Tun 1974 wani masani, Meir Lehman, ya nuna cewa manhajar da ake amfani da ita dole ta riƙa sauyawa, in ba haka ba amfaninta ya yi ta raguwa. Ita kanta UML an sake mata fasali a 2005. Kafin shekarar 2000 ma duniya ta kashe maƙudan kuɗi wajen gyaran manhajojin da suke rubuta shekara da lambobi biyu kacal. Yaro yana girma, dole tela ya sake awo.

Yanzu kowane zane muna ba shi lamba da kwanan wata, mu rubuta abin da muka sauya da dalili. Ba ma yar da tsohon, domin da tsohuwar zuma ake magani. Kafin mu ƙaurar da bayanai kuma, sai mun gwada da kwafinsu tukuna.

'Yan uwa, duk layin da muka ja a zane, akwai mutumin da zai shafa. Mai son ganin zanukanmu, daga na farko zuwa na huɗu, ya same mu a ɗakin kwamfuta ranar Laraba bayan tashi.