WICITA, GARIN MANOMA MASU ƘERA JIRGIN SAMA

Wannan wata za mu leƙa wani gari da ake kira Wicita, cikin jihar Kansas, a tsakiyar ƙasar Amurka. Garin yana bakin kogin Arkansas, mutanensa sun kusa dubu 400. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ga iska mai ƙarfi. Alkama da dawa suke nomawa, har babu jihar da ta kai Kansas noman dawa a Amurka.

Can da, Wicita zangon shanu ne. Makiyaya na koro garke tun daga Tekzas, tafiyar watanni, su zuba su cikin jirgin ƙasa wanda ya iso garin a shekara ta 1872. To, ƙaƙa zangon shanu ya zama garin jiragen sama?

Cikin waɗanda suka ɗora harsashi akwai Clyde Cessna, ɗan manoma daga ƙauyen Rago. Bai yi nisa a lakkwal ba, amma ya iya gyaran injunan gona da motoci. A 1911 ya ƙera jirginsa na fari da katako da ƙyalle. Ya kai shi wani fakon gishiri a jihar Oklahoma, yana koya wa kansa tuƙi. Ya faɗi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum ya gyara ya sake, har jirgin ya tashi ya sauka lafiya. A 1927 ya kafa kamfanin Cessna a Wicita. Matsin tattalin arziki ya sa aka rufe shi a 1931, sai ɗiyan ƙanwarsa, Dwane da Dwight Wallace, suka sake buɗe shi a 1934. Shi kuwa Clyde daga baya ya koma gonarsa, ya rasu a 1954.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a 1955, jirgin da ya ɗaukaka sunansa ya yi tashin fari, wato Cessna 172. Injinsa guda ne, mutum huɗu yake ɗauka. Wansa, mai lamba 170, ƙaramar ƙafarsa a wutsiya take, saboda haka saukarsa sai gwani. Sai maƙeran suka maido ƙafar nan ƙarƙashin hanci. Gyaran kaɗan ne, amma ya sa ko ɗan koyo yana iya sauka ba fargaba. Fukafukansa a bisa suke, matuƙi yana ganin ƙasa sarai, kuma ɗan gajeren fili ya ishe shi. Abin da manomi da likita da ɗan kasuwa ke bukata ke nan a ƙasar da garuruwa ke nesa da juna. Gudunsa ya kai kilomet 220 a awa, kamar a ce daga Yamai zuwa Maraɗi cikin awa biyu da rabi.

A 1956 kaɗai an ƙera fiye da 1.400. Zuwa yau an zarce 44.000, babu wani jirgin sama da aka ƙera da yawa kamarsa. An kuma ƙera wasu a garin Rams na Faransa. Don a gwada ƙarƙonsa, daga ƙarshen 1958 zuwa farkon 1959 wasu matuƙa biyu suka yi kwana 64 a sama ba sauka, ana miƙa musu mai da tiyo daga wata mota mai gudu a ƙasa.

Amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. A 1986 kamfanin ya daina ƙera shi, don in tsohon jirgi ya yi hatsari akan kai maƙera ƙara, kuɗin shari'a da na inshora suka yi nauyi. Ma'aikata da yawa suka rasa abin yi. Sai a 1994 aka yi dokar da ta ce jirgin da ya shekara 18, galibi ba a kai maƙerinsa ƙara. A 1996 aiki ya dawo, amma a wani ƙaramin gari na jihar mai suna Independence.

Duk da haka cibiyar kamfanin tana Wicita. A can aka daɗe ana ƙera Cessna 208, mai inji guda shi ma, irin guda biyun da Amurka ta ba sojojin samanmu a 2013. Baƙon da ya je garin zai iya ziyartar tsohon ginin filin jirgi na 1935, wanda aka mai da gidan tarihin jiragen sama. In ya fita bayan gari kaɗan, gonakin alkama da na dawa ne iyakar ganinsa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.